Ɗan Taga Ya Farka

Shagon ɗinkin Maman Biyu yana kallon shagon katifa, titi ne kawai tsakaninsu. In ta ɗaga kai daga kan keke, abin da idonta ke fara sauka a kai shi ne mijinta, kwance a bayan gilashi cikin rigar barci mai ratsin shuɗi, baki a hangame, hannu ɗaya ya zubo ƙasa. Aikinsa ke nan. Da safe sai ya yi wanka, ya karya kumallo, ya goge takalmi kamar kowane magidanci, ya tsallaka titi ya je ya kwanta.

Ba don wannan aka ɗauke shi ba tun farko. Direban shagon ne, shi ke kai wa mutane katifa gida. Wata rana ya tsaya a danja, wuta ta ba da hannu, ta hana, ta sake bayarwa, motoci na ta oda a bayansa, shi kuwa ya kifa goshi a kan sitiyari yana sharar barci. Mai shago ya karɓe makulli, ya ce ya dawo ciki ya riƙa nuna wa masu saye kaya. Ana nan sai ga wani mutum mai tsananin tsirfa, ya danna wannan katifa ya ce ta yi tauri, ya danna waccan ya ce ta yi laushi. Baban Biyu ya zauna a bakin wata don ya gwada masa, ya ce, "Ka ga wannan, ranka ya daɗe, in ka kwanta a kanta…"

Bai ƙarasa ba. Mutumin ya tsaya jiran sauran maganar, sai ya ji minshari. Ya taɓa shi, ya jijjiga shi, ya tafa masa hannu a kunne, sannan ya juya ya ce wa mai shago, "Irin wannan nake so. A ɗaure min biyu."

Mai shago irin mutanen nan ne da ko a mafarki suka ga kasuwa sai sun taya. Washegari ya sa aka kwashe kayan da ke jikin taga, aka kafa gado, aka shimfiɗa zane sabo fil, aka sayo rigar barci. Ya rataye allo a saman gadon: KAI MA IN KA HAU HAKA ZA KA YI. Kafin mako ya zagayo yaran layin sun raɗa wa Baban Biyu suna Ɗan Taga, kuma sunan ya bi shi har manya suka ɗauka. Ciniki ya buɗe kamar an ɓalle famfo. Masu wucewa kan tsaya su buga gilashi, 'yan makaranta su yi masa gwalo, masu babur su danna masa oda, ko gezau.

Da farko Maman Biyu ta ji kunya. Mace za ta kawo ɗinki, hira ta yi hira, ta ce, "Wai maigidan naki me yake yi?" Sai ta nuna da bakin almakashi ta ce, "Ga shi can, yana bakin aiki." Daga baya ta saba. Halal ce dai, ba sata ba, kuma ba matar da ke layin nan da ta kai ta sanin inda mijinta yake wuni.

Abin da ba ta saba da shi ba shi ne ratsin rigar. Idon tela ba ya barin motsin yadi. Daga inda take tana ganin ratsin nan na hawa yana sauka a kan ƙirjinsa, yana hawa yana sauka, sai kuma ya tsaya cak. Da ya tsaya ita ma sai ƙafarta ta tsaya a kan keke. Ta zuba ido, ta riƙe nata numfashin, har sai ta ga ya zabura, ya wage baki kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ratsin ya ci gaba da tafiya. Sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ci gaba da ɗinki. A gida ta san da wannan, amma a gida tana da gwiwar hannu, da ta ji shiru sai ta zungure shi. A shago kuwa ba mai zungura.

Ta fara saka masa waya a ƙarƙashin filo, da ta ga ratsi ya tsaya sai ta kira. Mai shago ya gano, ya ƙwace wayar, ya ce ba a amsa kira a bakin aiki. Ta koma tsallaka titi tana ƙwanƙwasa gilashi da almakashi. Ɗinki ya riƙa taruwa, wani hannun riga ya fi wani tsawo, wata mata ta dawo da siket an ɗinke mata shi sama da ƙasa kamar buhu.

Ta kai maganar wurin uwar mijinta, wadda ke zaune da su a ɗakin baya.

"Inna, numfashinsa fa ɗaukewa yake in yana barci."

Inna tana yanke farce, ko kai ba ta ɗago ba. "Gadon gida ne, 'yar nan. Ubansa haka yake. In ya kwanta, maƙwabta har agogo suke gyarawa da minsharinsa. Su a danginsu ba a san rashin barci ba."

"Shi baban nasa bai taɓa zuwa asibiti ba?"

"Asibitin me? Mutum lafiyayye? Har ya koma ga Mahaliccinsa ko allura ba a taɓa yi masa ba. Ya kwanta lafiya lau, da safe aka tashe shi bai tashi ba. Mutuwa mai tsabta."

"Yana da shekaru da yawa lokacin?"

"Ina fa. Ɗanye shakaf, ko furfura bai…" Inna ta dubi farcen da ta yanke kamar ba nata ba. Can ta ce, "Miƙo min tsintsiya."

Wata Asabar da hantsi, titi cike da jama'a, wani dattijo mai lema ya tsaya a bakin tagar. Ya daɗe yana kallo, ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashi, sannan ya cire hula ya ce da ƙarfi, "Jama'a, bawan Allahn nan fa ya cika."

Nan da nan aka yi cincirindo. Wata mata ta ɗora hannu a ka, wani ya ce shi tun jiya ya ga alama. Mai shago ya fito a guje, abu na farko da ya yi shi ne ya juya allon nan ya kalli bango. Wani mai sayayya ya fizgo zanen gado daga kanta zai rufe mamaci, mai shago ya riƙe masa hannu ya ce, "Ba wannan ba, ɗauko na rahusa." Aka ɗauko na rahusa aka lulluɓe shi har ka.

Maman Biyu ta taho tana ture mutane, tef ɗin awo a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Kafin ta kai ga gadon sai gawa ta yi wata irin ƙara kamar tsohuwar mota ta kama wuta, ta tashi zaune da zane a ka. Wanda ya fi kowa kusa shi ya fi kowa nisa a cikin ƙiftawar ido. Dattijo ya bar lemarsa, wani ya fita ta ƙofar da ba a buɗe ba. Baban Biyu ya yaye zanen, ya dubi shago wayam, ya yi hamma ya ce, "Har an tashi?"

Mai shago ya leƙo daga bayan tarin filo. Da ya tabbatar mai rai ne, idonsa ya fara ƙyalli. "Ka san me za mu rubuta a allon nan gobe? Katifar da ko matacce ya hau…"

"Ka rubuta ka kwanta a kai da kanka," in ji Maman Biyu. Ta kama hannun mijinta, ta ja shi yadda yake, da rigar barci da silifa, ta tare mota sai asibiti.

A layin ganin likita ya yi barci a kafaɗar wani mai karaya, har sai da mai karayar ya nemi a canza masa wuri. Likitar wata 'yar siririyar mata ce mai tabarau, da ganinta ita ma ba ta ƙoshi da barci ba. Ta tambaye shi me ke damunsa.

"Ni? Ba komai, Likita. Ita ce dai ta tayar da hankalinta."

"Kana barci sosai?"

Ya yi dariya. "Likita, da shi nake ci da iyalina."

"In ka tashi da safe, kana jin ka huta?"

Ya ce, "Kaina kan yi nauyi kamar an ɗora min dutse. Baki a bushe. Amma ai kowa haka yake tashi."

"Ba kowa ba," in ji Likita. Ta sa ya buɗe baki, ta haska maƙogwaronsa da 'yar tocila. Ta shiga laluben abin awo a aljihun tebur, Maman Biyu ta zare nata daga wuya ta miƙa mata, ta ce duk shekara sai ta ƙara masa wuyan riga. Likita ta auna wuyan, ta auna jininsa, ta taɓe baki. Ta juyo za ta yi masa bayani sai ta tarar har ya tafi, kai ya langaɓe a jikin kujera. Don haka ta yi wa matar.

"Kin ga tiyon ban ruwa in aka taka shi? Haka maƙogwaronsa ke yi. Da barci ya ɗauke shi sai naman wurin ya saki, ya toshe hanyar iska. Jiki ya ji zai shaƙe, sai ya zaburar da shi ya ja numfashi, ya koma, ya sake toshewa. Shi bai san ana yi ba. Zuciya ce ke shan wahalar, shi ya sa jininsa ya hau."

"Wato barcin ne ya yi masa yawa?"

"A'a. Mijinki ya yi shekaru rabonsa da barci. Kokawa yake yi a kwance."

Maman Biyu ta dubi mutumin da gari guda ke zuwa kallon barcinsa, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Likita ta ce sai an gwada an tabbatar. Ta ba su wata 'yar na'ura su tafi da ita gida: ɗamara a ƙirji, siririn tiyo a hanci, wani abu kamar maƙalin shanya a yatsa. Ya kwana da su, na'urar ta ɗauki bayanin numfashinsa. Gwajin farko bai yi ba, don Inna ta leƙo ta ga ɗanta da wayoyi, ta tsinke su tas, ta ce ɗanta ba wayar hannu ba ne da za a jona shi a caji. Na biyu ma bai yi ba, don tagwaye sun sace na yatsan sun maƙala wa kyanwa a wutsiya. Da aka mayar da na'urar, Likita ta daɗe tana kallon sakamakon, ta ce in dai wannan bugun zuciyarsa ne to a kira mata manyanta.

Da ta ji yadda aka yi, ta cire tabarau ta murza ido. "To ina ne ake barinsa ya kwanta ba mai taɓa shi?"

"Sai dai wurin aiki," in ji Maman Biyu.

Mai shago ya so ya ƙi, amma da ya ga wayoyin sai ya ga kasuwa. Ranar Baban Biyu ya kwanta a taga da ɗamara da tiyo, mai shago na tsaye a ƙofa yana shaida wa jama'a cewa masana ne suka zo auna daɗin katifarsa. Wani ya dage sai an sayar masa da mai wayoyin, ya ce shi ba a yi masa wayo a ba shi ta talakawa.

Wannan karon gwaji ya yi. Likita ta juyo musu da fuskar kwamfuta, ga layi yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, sai ya miƙe sambal, sai ya koma zarto, sai ya sake miƙewa. Ta ɗora biro a kan miƙaƙƙen wurin ta ce, "Nan ba ya numfashi. Nan ma. Nan ma." Ta yi ta jan hoton ƙasa, abin ba ya ƙarewa. Baban Biyu, wanda yau aka hana shi kujera don kada ya yi barci, ya tsaya yana kallo. A hankali ya ce, "Duk ni ne wannan?"

Maganin wata na'ura ce mai kamar ƙaramar rediyo, da dogon tiyo da takunkumi da ake ɗaurawa a hanci. Tana hura iska a hankali don kada maƙogwaro ya rufe. Likita ta ce kullum zai kwana da ita, ya rage tumbi, ya riƙa kwanciya ta gefe.

Ranar da aka kawo ta gida ya gwada a falo, tagwaye suka faɗi ƙasa suna dariya suna cewa Baba ya zama giwa. Ya fizge ya ce shi da girmansa ba zai kwana da hancin giwa ba. Inna ta goyi bayansa, ta ce iskar Allah ta ishi kowa. Maman Biyu ba ta yi musu ba. Ta ɗauki igiyoyin takunkumin ta tafi da su shago, ta yi musu riga da ragowar yadi mai laushi don kada su ci masa kunci, ta dawo ta ajiye masa a kan filo. Ta ce, "Baban Biyu, na gaji da zungurinka. Gwiwar hannuna har ta yi kanta. Ko ka sa, ko in kira dattijon nan mai lema ya zo ya riƙa kwana da kai."

Ya sa. Kwanakin farko an sha fama. Iska ta riƙa zurarewa ta gefe tana fito kamar buta, ya tashi da tiyo naɗe a wuya, wata rana aka tsinci takunkumin a kan fanka ba wanda ya san yadda ya hau. Suka koma asibiti aka canza masa wani daidai hancinsa. Daga nan sai gida ya yi tsit.

Wata safiya Maman Biyu ta farka ba ta gan shi ba. Ta same shi a falo, tsaye, hannu a ƙugu, yana kallon bango.

"Yaushe aka yi wa ɗakin nan fenti?"

"Tun kafin yaran nan su shiga makaranta."

"Wa ya zaɓi wannan launin? Kamar ciwon ido."

"Kai ka zaɓa. Na nuna maka, ka gyaɗa kai."

Ya juyo ya dube ta da wasu idanu farare tas da ba ta taɓa gani ba. "Maman Biyu, ba gyaɗa kai na yi ba. Gyangyaɗi nake."

Sai ta tuna abubuwan da aka yi a gidan nan da gyaɗa kansa. Shi ma ashe lissafin da yake ke nan. Ina firjin da ke nan? Ƙaninta ya ara, da izininsa. Wa ya ce a sayar da kekensa? Shi. Kyanwar nan ta wace ce? Tasa ce, shi aka kawo wa. Ya zauna ya ƙura wa tagwaye ido suna shan shayi, can ya ce, "Ashe yaran nan ba su kama ba." Ya gyara famfon da ya shekara yana ɗiga, ya sauya wa kujeru wuri, ya bi Inna ɗaki yana tambayarta labarin dangi ɗaya bayan ɗaya har ta ce masa tana jin barci. Maman Biyu ta auri mutum shiru-shiru mai haƙuri, wanda duk layin ake misali da shi. Yanzu ta gane gajiya ce kawai.

A wurin aiki kuwa abu ya ɓaci. Ya kwanta, ya rufe ido, barci ya ce bai san zancen ba. Ya gwada minsharin ƙarya, ya fito kamar akuya ta shaƙi hayaƙi. Yara suka ɗaga masa hannu, ya manta ya ɗaga musu. Mafi muni, yanzu da yake a farke ya fara jin katifar. Wata mata ta shigo da mijinta suna shawara, sai suka ji murya daga gado: "Baiwar Allah, kada ki sayi wannan. Akwai wani ƙarfe a nan daidai haƙarƙari. Ku duba ta bayan can, ta fi arha kuma ta fi ta."

Da yamma mai shago ya tsallako da wani wando a hannu, wai a rage masa tsawo. Wandon ko gwiwa bai gama rufewa ba. Ya zauna a benci, ya yi gaisuwa har da ta kakanni, sannan ya sauke murya.

"Maman Biyu, ni fa ban ce a kashe na'urar nan gaba ɗaya ba. Ni ma mai son lafiyarsa ne. A dai riƙa ba ta hutu. Ko inji ai yana son hutu. Jajibirin ranakun da aka fi ciniki kawai."

"Wato ya riƙa mutuwa ranakun ciniki, ya huta sauran."

"Haba, wa ya kawo zancen mutuwa? Tsakani da Allah, mutumin nan baiwa gare shi. Na gwada ɗan yayata, ya kwanta yana danna waya. Na gwada maigadi, kunya ta hana shi. Irin barcin mijinki ba a koyonsa."

Ta ninke wandon ta ɗora masa a cinya. "In na rage wannan, gajeren wando zai koma. A gai da gida."

Ta ɗauka magana ta ƙare. Bayan 'yan kwanaki ta ɗaga kai daga keke, sai ta ga Ɗan Taga ya dawo yadda yake a da, baki a hangame, jama'a sun taru, mai shago na murmushi a ƙofa. Ratsin riga ya hau, ya sauka, ya tsaya. Ashe in ta yi barci sai ya zare takunkumin ya ajiye a ƙarƙashin gado, na'urar na ta hura wa takalma iska.

Ba ta ƙwanƙwasa gilashi ba. Ta shiga shagon, ta hau cikin tagar, ta fizge filon daga ƙarƙashin kansa. Ya zabura. Mutanen waje suka ƙara matsowa, sun ɗauka sabuwar talla ce.

"Ashe takalmanka ne ba su da lafiya?"

"Ki yi a hankali, mutane na kallo."

"Su kalla, ai kallo suka zo. Ni wuni nake ina gadin gawa daga tsallaken titi, kai kana nan kana yi wa wani ciniki da ranka."

Ya tashi zaune, ya dafe kai. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa. "To me na iya? Ki faɗa min. Mota an karɓe. Karatu ban yi nisa ba. Abu ɗaya aka taɓa cewa na fi kowa a duniya, shi ne wannan. Yara sun san ni, manya sun san ni. Yanzu na warke na zama ba kowa ba."

Ta zauna a bakin gadon. Ƙarfen nan ya soke ta, ta gyara zama. Ta ce, "Inna ta yi takaba da goyonka a baya. Ni ba zan yi da biyu ba. In aikin ne, a nemi wani. Kai kuwa ba a sayar da irinka a kanti."

Ya daɗe yana kallon silifansa. Sannan ya miƙe, ya cire rigar barcin, ya ninke ta tsaf ya ɗora a kan filo. Ya sauko daga taga daga shi sai singileti da gajeren wando, ya ce wa mai shago, "Ranka ya daɗe, na gode da zama." Jama'a suka yi tafi. Wani ya shiga ya tambaya ko gobe ma za a yi, da ƙarfe nawa.

Daga nan ya koma zaman shagon matarsa, wai yana taya ta. Tsugune ba ta ƙare ba. Ya jera mata zare bisa launi har ta daina gane inda komai yake. Ya riƙa ba masu kawo ɗinki shawara, ya ce wa wata wannan yadin zai ƙara mata shekaru, ya ce wa wata ai ba laifin tela ba ne, ita ce ta ƙaru. In ba kowa sai ya juyo kanta da labari, daga na yarintarsa zuwa na wani malaminsu mai kunne ɗaya, duk maganar da ya tara shekara da shekaru yana biyan bashinta.

Ranar da suka koma asibiti a duba shi, jini ya sauka, tumbi ya fara ja da baya, Likita har da murmushi. Maman Biyu ta aike shi ya sayo ruwa, ta jawo kujera kusa.

"Likita, don Allah na'urar nan ba ta da wurin ragewa? Ba numfashin ba. Surutun."

Likita ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce wannan ba a koya musu ba.

Mafita ta zo ta hannun wani shugaban tashar mota da ya kawo ɗinkin riga. Yana tsaye ana auna shi, Baban Biyu ya leƙa waje ya ƙwala wa mai sayar da ruwa kira daga can ƙarshen layi, har tantabaru suka tashi daga rufin shago. Shugaban ya juyo da tef a hammata ya ce, "Malam, kana da aiki? Mai kiran fasinjanmu muryarsa ta mutu."

Aikin ya karɓe shi kamar don shi aka yi. Yana tsaye tun safe a bakin tasha yana kiran mota, yana jera fasinja, yana raba faɗan kujerar gaba, ya dawo gida murya a dishe, ya ci abinci, ya ɗaura takunkuminsa da kansa. Sai dai ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Duk direban da ya gani yana gyangyaɗi a inuwa kafin mota ta cika, sai ya tsaya a kansa yana kallon ƙirjinsa. In ya farka ya ce masa, "Matarka na zungurinka?" In ya ce e, to motarsa ba za ta yi lodi ba sai ya je asibiti.

Bayan wani lokaci Maman Biyu ta je karɓo sabon tiyo, ta tarar da layin Likita ya fito har baranda, duk ƙarti masu kaurin wuya, rabinsu na barci a kafaɗar rabi. Likita ta hango ta, ta yafito ta ciki, ta rufe ƙofa.

"Baiwar Allah, ki roƙar min mijinki. Wasu da ya turo da gaske suna da ciwon, na gode masa. Amma jiya ya turo min wani da ƙaiƙayin ƙafa. Shekaranjiya wani ya zo ya ce shi lafiyarsa ƙalau, an dai ce in bai kawo shaidar ya gan ni ba ba zai yi lodi ba."

"Zan faɗa masa, Likita," in ji Maman Biyu, tana saka tiyon a jaka. "In na samu ya yi shiru."